Mutum Uku Ne Suka Zaɓa Wa Kaduna Ta Arewa

Maganar yau a teburin mai shayi ta samo asali, don haka daga can za mu faro.

Wani dare a watan Janairun 2024 muna zaune a Unguwar Rimi bayan sallar isha, sanyin hunturu ya sa kowa ya rungume kofinsa, sai rediyon mai shayin ta kawo labarin Amurka. An fara zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a jihar Ayowa ranar 15 ga Janairu, kuma Donald Trump ya tashi da kashi 51 cikin ɗari. Wani abokinmu mai karanta kimiyyar siyasa ya buga tebur ya ce, "Kun ji inda ake yin abin. Talaka da kansa yake fitar da ɗan takara." Wani ya ce ai mu ma bara mun yi layi mun dangwala. Mai shayin, wanda tun ɗazu yake soya ƙwai bai ce uffan ba, ya juyo ya ce, "Malamai, na ji kun dangwala. To waɗanda kuka dangwala wa ɗin, wa ya tsayar muku da su?"

Aka yi shiru. Mu shida ne a wurin, dukanmu 'yan jami'a, dukanmu da katin zaɓe, amma babu wanda ya iya faɗin sunan mutum ɗaya da ya tafi Abuja da sunan ƙaramar hukumarmu ya zaɓi ɗan takarar shugaban ƙasa. Kunyar da muka ji ce ta sa muka koma muka yi bincike, ga kuma abin da muka tarar.

Tsarin mulkin Najeriya bai yarda mutum ya tsaya takarar shugaban ƙasa a ƙashin kansa ba. Dole sai jam'iyya ta tsayar da shi. Wato ƙofar shiga takardar ƙuri'a guda ɗaya ce tak, makullinta kuma yana hannun jam'iyya. Dokar zaɓe ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 25 ga Fabrairun shekarar, ta ba jam'iyyu hanya uku ta fitar da gwani a wancan lokaci. Akwai 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai fito ya zaɓa. Akwai zaɓen wakilai, waɗanda kowa ya fi sani da daliget. Sai masalaha, inda 'yan takara ke janye wa mutum ɗaya, da sharaɗin kowannensu ya rubuta yardarsa a takarda.

Manyan jam'iyyu biyu duk hanyar daliget suka bi a 2022. Yawancinmu muna gida a lokacin, domin yajin aikin ASUU da aka fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai a watan Oktoba, saboda haka a talabijin da wayoyi muka kalli abin kamar wasan ƙwallo. PDP ta yi nata ranar 28 ga Mayu a babban filin wasa na Abuja. Wakili ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, sai 'yan kujeru da aka ware wa masu buƙata ta musamman. Waɗanda aka tantance a daren ba su kai ɗari takwas ba. Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237, Bukola Saraki 70. APC ta yi nata a dandalin Eagle Square daga 7 zuwa 8 ga Yuni, da wakilai uku daga kowace ƙaramar hukuma 774, wato 2,322 ke nan a lissafi. Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235.

Yanzu ku ɗauko biro. Hukumar zaɓe ta INEC ta yi wa mutum miliyan 93 da ɗoriya rajista kafin zaɓen 2023. In ka raba wannan adadi da wakilan APC, kowane daliget ɗaya ya tsaya ne a madadin mai zaɓe kusan dubu arba'in. A PDP abin ya haura dubu ɗari. Jihar Kaduna mai ƙananan hukumomi 23 da masu rajista fiye da miliyan huɗu, mutum 69 ta tura APC. Kaduna ta Arewa kuwa, daga Kawo zuwa Hayin Banki, Badarawa, Unguwar Dosa, Unguwar Shanu, har Kabala, mutum uku ne suka yi magana da yawunta a wata jam'iyya, mutum ɗaya a ɗayar. Keke Napep guda zai kwashe su duka, har direba ya nemi ƙarin fasinja a gefensa.

Wani abin dariya ya ƙara rage yawan wakilan a wannan shekara. A da, shugaban ƙasa, gwamnoni, 'yan majalisa da tsofaffin masu muƙamai duk suna jefa ƙuri'a kai tsaye saboda kujerunsu. Da 'yan majalisa suka rubuta sabuwar doka sai suka bar kansu a waje, suka ce zaɓaɓɓun wakilai kaɗai ne za su yi zaɓe. Da suka farga suka yi gyara a gaggauce, shugaban ƙasa bai sa hannu ba. Haka Buhari ya zauna a Eagle Square yana kallo, ba shi da ƙuri'a a jam'iyyar da yake jagoranta. A ido wannan kamar ci gaba ne, manya sun koma gefe. Amma duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Kawo ranar Talata ya san in kaya ya yi ƙaranci kuɗinsa tashi yake yi.

Ba sai mun je Abuja neman misali ba, a nan gida aka yi abin a fili. Jaridu sun ruwaito yadda wani matashin da ya nemi tikitin majalisar wakilai a mazaɓar Kaduna ta Arewa ya sha kaye, sannan ya aika wa daliget su dawo masa da kuɗinsa. Sanata Shehu Sani ya shiga neman tikitin gwamna a PDP, ya ce ba zai ba daliget ko sisi ba. Ƙuri'a biyu ya samu, Isa Ashiru ya ɗauki tuta. Sai kuma wani daliget daga ƙaramar hukumar Sanga da ya dawo daga Abuja ya raba abin da ya samo ga marayu, ya biya wa ɗalibai kuɗin jarrabawa. Mutane suka yi ta sa masa albarka a Facebook, mu ma har da mu. Sai daga baya muka tsaya muka yi tunani: me muke yaba wa a nan? Mutumin kirki ne, ba shakka, amma kuɗin nan na mene ne? Har jami'an EFCC an gani a filin taron PDP a daren, alamar cewa maganar ba ɓoyayya ba ce ga hukuma.

Kada mu ɗora wa daliget laifin duka. Yawancinsu ba masu kuɗi ba ne. Ƙaramin ɗan kasuwa ne, ko tsohon kansila, ko wanda ya shekara goma yana shirya kujeru a taron jam'iyya babu wanda ya taɓa tambayar sa ya ya kwana. Sau ɗaya a shekara huɗu manyan ƙasa ke neman lambar wayarsa. Kuma sau da yawa ƙuri'ar ma ba tasa ba ce. A takarda, taron jam'iyya na mazaɓu da ƙananan hukumomi ne ke zaɓen sa. A aikace, duk wanda ya zauna da 'yan siyasa zai gaya maka jerin sunayen daga sama yake saukowa. Gwamna ko ubangidan jam'iyya na jiha shi ke ɗaukar nauyin mota da masauki, shi ke faɗa a daren ƙarshe inda za a nufa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi ya sa lokacin da Aminu Waziri Tambuwal ya hau mumbari a daren 28 ga Mayu ya janye wa Atiku, lissafin ya canza nan take. Ba mutum ɗaya ne ya janye ba, tawaga ce ta juya. A APC ma 'yan takara bakwai ne suka janye wa Tinubu a kan mumbari.

Kafin ma a kai ga daliget akwai kuɗin fam. APC ta sayar da na shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na wancan lokaci, naira 30,000, in bai ci ba bai sha ba, sai ya tara albashin shekara 277 da 'yan watanni kafin ya sayi na APC. A 2018 mun yi murna da dokar da ta rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai daga 30 zuwa 25. An buɗe mana ƙofa, aka kafa tsani mai tsawon bene goma a bakinta.

Ita kuma masalaha, ba mu da abin cewa da yawa a kanta. Kwana ɗaya kafin taron APC, shugaban jam'iyyar na lokacin, Abdullahi Adamu, ya ce an tsayar da Ahmad Lawan. Gwamnonin APC na Arewa, ciki har da namu na lokacin, Nasir El-Rufa'i, suka ce ba da su ba, mulki ya koma Kudu. Maganar ta mutu. Ko da wane ɓangare kake goyon baya, ka lura cewa manya ne suka ƙulla, manya suka kwance.

Zuwa nan abokinmu ɗan kimiyyar siyasa zai ce, "Ai na faɗa muku, 'yar tinƙe ce mafita." Mu ma da haka muka ɗauka. Majalisar ƙasa ma a ƙarshen 2021 ta so ta wajabta ta a kan kowace jam'iyya, Buhari ya ƙi sa hannu, ya kawo dalilin tsada da tsaro. Amma an taɓa gwada ta, kuma alƙaluman suna nan. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe don tsayar da Buhari, shi kaɗai ne ɗan takara. Jam'iyyar ta sanar da cewa ya samu ƙuri'a miliyan 14.8 a faɗin ƙasa, miliyan 2.9 daga Kano kaɗai. Bayan 'yan watanni aka yi babban zaɓe, wanda kowa da kowa ke da damar fita, ɗan jam'iyya da wanda ba ɗan jam'iyya ba. Buhari ya samu ƙasa da miliyan ɗaya da rabi a Kanon. Ina sauran suka shiga? Ko dai rabin 'yan jam'iyya sun yi barci ranar zaɓe, ko kuma adadin farko a ofis aka haife shi. In babu rajistar 'yan jam'iyya da kowa zai iya dubawa, babu mai ƙirga da ba ya tsoron gwamna, to 'yar tinƙe gudun gara ce a faɗa gidan zago. Da ana sayen mutum uku, yanzu sai a rubuta dubu talatin ba tare da an sayi kowa ba.

Iyayenmu kan tuna mana da 1993. Bayan Janar Babangida ya soke zaɓen fid da gwani na 1992, wanda Shehu Musa 'Yar'aduwa ke kan gaba a SDP, hukumar zaɓe ƙarƙashin Farfesa Humphrey Nwosu ta kawo tsarin da aka sa wa suna A4. Mai son shugabancin ƙasa sai ya fara cin mazaɓarsa, sannan ƙaramar hukumarsa, sannan jiharsa, kafin ya isa babban taro. Mutane na yin layi a bayan wanda suke so, ƙato bayan ƙato, a ƙirga su ido na ganin ido. Daga nan Abiola ya fito a taron SDP na Jos, Bashir Tofa a na NRC a Fatakwal. Muna son wani abu guda a wannan tsari: wanda maƙwabtansa ba su yarda da shi ba, ba zai tsallake su ya je Abuja ba. Sai dai layi a fili yana da nasa ciwon. Wane ɗan haya ne zai tsaya a layin da ba na mai gidansa ba, mai gidan yana kallon sa? Kuma a Jos ɗin ma daliget ne suka ƙarasa aikin, da janyewar Atiku a zagaye na biyu.

To mu koma Ayowa, tunda daga can rigimar ta taso. Abin da suke kira kokas taro ne na 'yan jam'iyya a unguwanni, da ƙarfe bakwai na dare, a makarantu da ɗakunan taro da majami'u. A wajen 'yan Rifablikan, wakilin kowane ɗan takara zai tashi ya yi ɗan jawabi, sannan a rubuta suna a takarda. 'Yan Dimokurat, yadda suka saba yi har 2020, sun fi kama da namu ƙato bayan ƙato: magoya bayan kowane ɗan takara su taru a kusurwa guda, duk rukunin da bai kai kashi 15 cikin ɗari na mutanen ɗakin ba sai ya watse, sauran su yi ta zawarcin mutanensa. Yawancin sauran jihohi zaɓe sak suke yi, a je rumfa a jefa ƙuri'a a asirce. Su ma daliget suke turawa babban taro. Bambancin shi ne nasu daliget ɗin a ɗaure yake da abin da masu zaɓe suka ce, aƙalla a zagayen farko, don haka ba shi da abin sayarwa a otal.

Wannan babban abu ne, kuma ba da shi aka haife su ba. A 1968 jam'iyyar Dimokurat ta tsayar da Hubert Humphrey a Shikago alhali bai shiga zaɓen fid da gwani a jiha ko ɗaya ba. Manyan jam'iyya ne suka ɗauko shi, kamar dai namu. Matasa, yawancinsu ɗalibai masu adawa da yaƙin Biyetnam, suka cika tituna, 'yan sanda suka yi musu dukan tsiya a gaban kyamara. Bayan jam'iyyar ta faɗi zaɓe ne aka kafa kwamitin da ya sauya dokokin. Ko bayan haka manya ba su saki gaba ɗaya ba, sun ajiye wa kansu wasu kujerun daliget na alfarma, waɗanda magoya bayan Bernie Sanders suka yi ta ƙorafi a kai a 2016 har aka rage musu ƙarfi a 2018.

Amma adalci? Mu duba. Mutum kusan 110,000 ne suka fita kokas ɗin 2024 a Ayowa, cikin ƙanƙara mai tsanani, ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na 'yan jam'iyyar masu rajista a jihar ba. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, uwa mai goyo, tsoho marar mota, duk taron ƙarfe bakwai ya bar su a baya. Jihar kanta mutum miliyan uku da kaɗan ne, kusan kashi tara cikin goma fararen fata, amma tun 1972 ita ke buɗe fage, kuma wanda ya yi tuntuɓe a can masu ba da kuɗin kamfe kan guje shi. Vivek Ramaswamy a daren ya janye, Ron DeSantis bayan kwana shida, tun kafin jihohi 49 su ce komai. Ku ɗauka a ce jiha ɗaya ƙarama a Najeriya ce za ta riƙa tace mana 'yan takara duk shekara huɗu. Da tuni an kai ƙara Kotun Ƙoli. A 2020 manhajar tattara sakamakon 'yan Dimokurat ta ƙi aiki, aka kwashe kwanaki ba a san wanda ya ci ba (mu da muka ga abin da ya faru da ɗora sakamako a intanet ranar 25 ga Fabrairun 2023, ba mu yi dariya sosai ba). A zaɓen 2024 jam'iyyar ta ƙwace matsayin farko daga Ayowa ta ba Karolina ta Kudu. Kuɗi ma na nan a can, har ya fi namu, sai dai a tallar talabijin ake zuba shi.

Namu ra'ayin, tsarinsu ya fi namu, kuma ba da tazara kaɗan ba, amma ba don suna yin kokas ko zaɓen rumfa ba. Ya fi ne saboda abu biyu: an san su waye 'yan jam'iyya, kuma wakili ba ya iya karɓar saƙo ya canza shi a hanya. Za a iya yin waɗannan biyun a nan ko da daliget ko da 'yar tinƙe. Daliget ɗin ma ba kullum ake sayen su ba. A Disamban 2014 a Legas, Buhari ya tsaya ya ce ba shi da dalar da zai raba, ya kuma samu ƙuri'a 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954. Gwamnoni da jagororin jam'iyya sun mara masa baya, gaskiya ne, amma daliget da yawa daga Arewa sun san in suka zaɓi wani, sai sun sha tambaya kafin su shiga unguwa. An san su, ana jiran su. Wannan tsoron komawa gida shi ne abin da ya ɓace a 2022, domin mu da ya kamata mu jira su ba mu ma san fuskokinsu ba.

Kuma mu ne mafi yawa. A rajistar INEC ta 2023, ɗalibai sun kai miliyan 26, babu wani rukunin sana'a da ya kai mu, ko manoma. Masu shekara 18 zuwa 34 sun haura miliyan 37. A Jihar Kaduna mazaɓu 255 ne, 12 daga ciki a Kaduna ta Arewa, kuma a kowace akwai shugabannin jam'iyya da ake zaɓa, har da shugaban matasa, wanda wani lokaci za ka tarar ya aurar da 'ya. Daga wannan ɗan taron da ba ma zuwa ake fara saƙa igiyar da take kaiwa Eagle Square. In aka yi wasa da ita tana iya tsinkewa da kowa: a 2019 Kotun Ƙoli ta karɓe duk kujerun da APC ta ci a Zamfara, daga gwamna har 'yan majalisa, saboda ba ta yi sahihin zaɓen fid da gwani ba, ƙuri'un dubban ɗaruruwan mutane suka tashi a banza.

Ba muna cewa kowa ya je ya yanki katin jam'iyya ba ne. Wasunmu iyaye ba za su yarda ba, kuma suna da dalili, sun ga yadda ake mayar da yara 'yan banga. Wasu kuma aikin gwamnati suke hange. Mu dai mun ce bari mu gwada mu ga yadda ƙofar take. Ranar Asabar mu uku muka tafi neman ofishin wata jam'iyya na mazaɓarmu. Sai da muka tambayi mutum huɗu kafin aka nuna mana wani shago mai tuta da ta koɗe, an rufe shi da kwaɗo. Mai gyaran waya da ke gefe ya ce rabon da a buɗe shi tun bayan zaɓen gwamna, littafin rajista kuma yana gidan sakatare.

Muka bi kwatance har gidan. Yaro ya shiga ya fito ya ce yana zuwa. Dattijo ne mai fara'a, ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa. Da muka ce so muke mu san yadda ake shiga jam'iyya, da kuma yadda aka zaɓi daliget ɗin da suka tafi Abuja, sai ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Samari, wa ya turo ku?" Muka ce babu kowa, Baba, mu ɗalibai ne. Ya yi murmushi ya ce, "A'a, ku dai faɗa mini, yaran wane ne ku?" Muka rantse. Ya ce to katin ya ƙare, sai an kawo daga jiha, mu dawo bayan sati biyu.

Mun rubuta ranar. Mai shayi ya ce in za mu koma mu biya masa, zai bar wa ƙaninsa tebur ya raka mu.